Zanen da Ba a Lulluɓe Ki da Shi Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, ina tankaɗen gari bayan azahar, jikarki Laras ta buga mini ƙofa ta ce, "Anti Fausiya, Kaka ta tafi." Ibu Wartini, maƙwabciyata 'yar Indonesiya a unguwar Al Muntazah, tun ranar ban iya buɗe littafi ko ɗaya ba.

Na zo Doha ina amarya, mijina Ghali yana wuni a jami'a, ni kuma ba ni da abokin hira sai littattafan soyayya. Ke kika hango ni, kika kawo mini shinkafa a ganyen ayaba, kika ce, "'Yata, yalla, fito daga takarda ki ga mutane."

Kowace Juma'a kina tara yaran Indonesiya a falonki, ki narka kakin zuma, ki koya musu batik, wato zana ado a kan yadi, da ɗan ludayin tagulla, kina yi musu yarenku na Jawa. Su goma sha biyu na tarar. Ƙwallo ta ɗauke wasu, waya ta ɗauke sauran, har aka bar ni, Bahaushiya, da jaririyata Jidda a goye. Ni kika nuna wa cewa kowane zane da aikinsa, akwai na amarya, akwai na mamaci. Naki na mamaci, mai ƙananan kusurwoyi, wata bakwai kika yi kina zana shi.

Da shanyewar jiki ta kama ki, Turanci da Larabci suka ɓace miki, sai Jawa. Ɗanki Haryono yana kan teku wurin aiki. Na ga Laras ta kara miki waya a baki don ta fassara, tana kuka tana cewa da Turanci, "Kaka, sake faɗa." Wayar ba ta gane ba. A littattafaina mai mutuwa yakan yi wasiyya kowa ya ji. Taki ba wanda ya ji.

An lulluɓe makararki da zanen amarya, don Laras ta ga ya fi kyau. A hoto na gani, bayan an binne ki. Ban faɗa mata ba, kuma ba zan faɗa ba. Naki yana nan a ninke cikin akwati, in ban da ni ba sauran wanda ya san na mene ne.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Haryono da Laras da 'yan'uwanki na garin Solo. Allah Ya ba mu haƙuri.

Jiya Jidda ta faɗi, ta kira ni da Turanci. Na gaya wa Ghali: daga yau ba za a ƙara yi mata wani yare a ɗakin nan ba sai Hausa.