Gurnanin Mai Walda

Ranar da aka ɓalle ƙofar banɗakin Mai Walda, mutum goma sha ɗaya ne suka auka gidan, kowa da makaminsa. Mai aski ya zo da sandar goge-goge, mai shagon kan kwana da guntun katako, Tela kuwa, wanda shi ya tara jama'ar, yana can bayan kowa da almakashi yana ba da umarni. Abin da ya tara su wani gurnani ne da ke tashi daga banɗakin da rana tsaka. Wasu suka ce kare ne ya haukace, Tela ya rantse abin ya fi ƙarfin kare.

Da ƙofa ta faɗi, sai ga Mai Walda tsaye, tawul a ƙugu, bokitin ƙarfe kife a ka. Ya yi wuf zai cire, hannun bokitin, wanda shi da kansa ya yi wa walda, ya sarƙe a ƙarƙashin haɓarsa. Ya ja, bokiti ya ƙi. Ya juya zai ɓuya, ya yi karo da bango, bokiti ya ce ƙwal! Sai da mai aski ya riƙe kai, mai shago ya ja gindin bokiti, sannan fuskar dattijo ta fito, jiƙe da gumi, gashin baki ya kwanta.

Dole a koma baya kaɗan don a san yadda mutum mai jika ya shiga bokiti.

Shekara talatin ke nan Mai Walda yana ƙona ƙarfe a rumfarsa da ke bakin famfo, bango ɗaya da shagon Tela. Hayaƙin walda ya cinye masa maƙogwaro, har ta kai idan ya ce "sannu" sai ka ɗauka ana jan tebur a kan siminti. Jarirai ba sa son gaisuwarsa. Amma a layin nan babu ƙofar da bai ɗaura ba, babu gadon da bai gyara wa ƙafa ba, kuma abin da ya liƙa, sai dai gidan ya rushe ya bar shi.

Wata rana aka kira shi ya sa ƙarfen taga a wani ɗan kamfani mai yin katun, wato fim ɗin zane na yara. Yana kan tsani, wani ya taka masa waya, ya daka masa tsawa. Sai ga wata mata mai tabarau ta fito a guje tana tambayar wa ya yi wannan kuka. Ita ce daraktar shirin Tsibirin Fitilu, wanda kowane yaro a layin ke kallo ranar Asabar da yamma. Wata biyu tana neman muryar Gurnani, wani ƙaramin mugu mai gadin ƙofar mayya, mai kai kamar tukunya da haure ɗaya. Ba shi ne babban mugun ba. Aikinsa ya yi ruri, a yi masa wayo, a wuce.

Mai Walda ya karɓa, amma ya ɓoye wa layi. Matarsa kaɗai ta sani. Karatunsa na tafiyar hawainiya ne, kafin ya haɗa layi ɗaya na takarda injin ɗaukar murya ya gaji. Don haka Darakta ta daina ba shi takarda. Sai ta manna masa zane-zane a allo, ta ba shi labarin abin da ke faruwa, ta ce, "Baba, faɗi yadda za ka faɗa." A wurin nan murya ake fara ɗauka, daga baya masu zane su zana bakin dodo ya bi ta. Wato duk abin da Mai Walda ya furta, idan ya yi wa Darakta daɗi, haka zai fita a talabijin. A can na'ura ce ke ƙara wa muryar amo. In zai yi bita a gida kuwa, babu na'ura, sai ya shige banɗaki ya kifa bokiti.

To, ranar da aka ɓalle ƙofar, dariyar jama'a ba ita ta dame shi ba. A cikin masu leƙe akwai jikarsa, 'yar shekara biyar, da ake kira Aku saboda surutu. Ita da uwarta a gidan suke, uban yana aiki a nesa. Kullum da safe ita ke kai masa shayi rumfa, ta hau kan tsohuwar taya ta buɗe baki, shi kuma ya ce, "An ci abinci kuwa, ko yunwa ce ke wannan surutu?" Aku kuwa duk duniya ba abin da take tsoro kamar Gurnani. Da ya fito take shigewa bayan kujera.

Tela ya duba yarinya, ya duba dattijo, bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi.

"Aku, kin gane muryar? Kakanki ne Gurnani. Da rana walda, ranar Asabar cin yara. Ki riƙa ƙirga yatsunki in kin kai shayi."

Jama'a suka fashe. Aku ba ta yi dariya ba. Ta ja da baya, ta ja da baya, ta ruga ɗakin uwarta.

Washegari uwar ce ta kawo shayi. Jibi ma haka. In ya shigo gida, Aku ta shige ƙarƙashin gado. Ya sayo alewa, ta ce a ajiye a ƙasa ya matsa. Ya ƙera mata ɗan keke da guntayen rodi, ya shafa masa jan fenti, keke ya yi sati a tsakar gida kaji na hawa. Ya gwada yi mata magana da siririyar murya, abin ya fito kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, ta ƙara tsorata. Tayar nan ta rumfa, ba wanda ya sake hawa. Mutumin da tartsatsi ke zuba a hannunsa ba ya ƙifta ido, sai ga shi ya kashe inji ya zauna yana kallon taya.

Tela kuma bai bari ba. Kullum ya leƙo ta kan bango: "Ranka ya daɗe, sarkin bokiti, yau wa za a ci?"

Abin da Tela ya manta shi ne, maƙwabcin bango ɗaya ya san abin da ke bayan labule. Shekara biyu ke nan idon Tela ya yi rauni, ba ya ganin kafar allura. Akwai wata 'yar taga tsakanin shagonsa da gidansa, Mai Walda ne ma ya sa mata ƙarfe. Ta nan matar Tela ke miƙo hannu ta zura masa zare, ɗinki mai wuya kuma a tura mata ciki ta yi. Shi kuwa ya zauna a gaba, tef ɗin awo a wuya, yana cika baki. In masu kawo ɗinki suka ji, shago ya mutu.

Ana nan sai Darakta ta kira. Za a ɗauki fitowar Gurnani ta ƙarshe. Wani ɗan bushiya na cikin shirin da ya sha yi masa wayo, wanda ya taɓa sa shi ya zauna a kan ƙaya, yau ya faɗa hannunsa. Gurnani zai ɗaga shi sama, ya zazzage masa zagi, ya jefa shi rijiyar mayya.

"Zagin naka ne, Baba," in ji ta. "Ka zo da mai zafi."

Mai Walda ya dawo yana tafiya kamar an rage masa shekara ashirin. Bushiya mai allurai a baya! Ai an gama. Ya kunna injin goge ƙarfe, yana aiki yana bita da ƙarfi, don ya san bangon ba kauri: "Kai makahon tela na bakin famfo! Je ka taga matarka ta zura maka zare!" Ya maimaita, ya ƙara gishiri, ya maimaita. A ɗaya gefen bangon, keken ɗinki ya yi tsit.

Matarsa ta ji shi yana bita a tsakar gida, ta ajiye kwanon da take wankewa.

"Malam, in ka faɗa, Aku za ta fito daga ƙarƙashin gado?"

"Ba ruwanki. Shi ya fara."

"Na ji shi ya fara. Tambayarka na yi."

Ya ɗauki hula ya fice.

Ɗakin ɗaukar murya ɗan ƙarami ne, an liƙe bangonsa da katifar soso, ga makirufo a rataye, ga gilashi, Darakta da mai na'ura suna ɗaya gefen. Aka sa masa abin ji a kunne. Ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji, ya yi ruri ɗaya da ya sa mai na'ura ya zabura ya rage ƙara. Darakta ta ɗaga babban yatsa. Sai ta manna zanen ƙarshe a allo.

Ɗan bushiya ne a tafin hannun dodo. Ya dunƙule, ya rufe fuska da hannu biyu, ido ɗaya na leƙowa ta tsakanin yatsu. Mai Walda ya san leƙen nan. Sati uku ke nan yana ganinsa daga ƙarƙashin gado.

Jar fitilar fara ɗauka ta kama. Zagin yana nan a bakinsa, a jere, a washe kamar wuƙa. Ya tsaya yana kallon zanen. Darakta ta yi masa alama da hannu ya ci gaba. Ya sake kallon zanen, sai muryar nan ta jan tebur ta fito a hankali:

"Kai... an ci abinci kuwa, ko yunwa ce ke wannan rawar jiki?"

Mai na'ura ya kai hannu zai tsayar, Darakta ta buge hannun.

"Dubi cikinka kamar an taka leda," Mai Walda ya ci gaba, yanzu ya sami hanya. "Ni in jefa wannan a rijiya? Mayya ta ce na raina ta. Sauka. Bi ta bayan ƙofa, ƙarfe na uku ya saki, ni na san wanda ya yi waldar, ba shi da kirki. In ka sake sa mini ƙaya a kujera, sai na zauna a kanka. Tafi, kafin in tuna ni mugu ne."

Darakta ta cire tabarau tana share ido don dariya. Ta ce a yage zanen rijiya, a zana sabo.

Sati shida ana zane. Mai Walda bai gaya wa kowa abin da ya faɗa ba, har matarsa. Nan fa ya ɗan rama, don dattijon ba waliyyi ba ne. Tela ya rame. Ya daina leƙe ta bango, ya koma gaisuwa har da rusunawa: "Yaya, an tashi lafiya? Yaya, ko rigar aikin nan tana son faci?" Mai Walda sai ya dube shi ya ce, "Asabar tana zuwa," ya sauke gilashin walda.

Asabar ta zo. Ƙarfe biyar shagon mai aski ya cika har waje, don labari ya zaga cewa yau dodon layi zai yi ta'asa. Yara a ƙasa, manya a benci, wani da rabin aski ya ce a bari sai an gama. Tela ya rakuɓe a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Uwar Aku ta zo da ita a kafaɗa, yarinyar ta cusa fuska a wuyan uwar.

Gurnani ya yi ruri, yara suka ƙanƙame juna. Ya damƙi bushiya, ya ɗaga. Tela ya runtse ido. Sai dodo ya karkata ƙaton kansa, ya tambaya ko an ci abinci.

Shago ya kece da dariya. Aku ta ɗago kai. Ta kalli talabijin, ta kalli kakanta da ke zaune kan kujerar aski yana wasa da hula, ta sake kallon talabijin. Da bushiya ya sulale ta ƙarfe na uku, yara na tafi suna tsalle, ta zame daga kafaɗar uwarta, ta ratsa ƙafafun mutane, ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu.

"Kaka, ai maganata ce ka ba shi."

"Aro na yi, uwar surutu."

"Kuma ba ka ba shi abincin ba. Tambaya kawai ka yi."

"To, laifina ne."

"Kuma haurenka ɗaya, ina ɗayan? Kuma me ya sa kake aiki wurin mayya, ba ka da walda? Kuma keken nan ƙafarsa ɗaya tana ƙara." Tana faɗa tana hawa cinyarsa. Mai Walda ya yi ta gyaran murya yana ɗora wa hayaƙin walda laifi.

Tela fa? Da ya tabbata an gama shiri ba a ambaci famfo ko taga ba, jini ya dawo masa fuska. Ya shigo da ɗaya ƙafar, ya gyara tef a wuya. Mutum ne da in bakinsa ya yi minti biyar a rufe sai ya yi masa ciwo.

"Ashe dodon naku rago ne," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Sati shida ana cika mana baki, ya kama kuma ya saki. Ina amfanin haure?"

Jama'a suka juyo suna jiran amsa. Mai Walda ya gyara wa Aku zama, ya dubi Tela sama da ƙasa, ya yi murmushin da ya fi gurnanin ban tsoro.

"Dodo ya duba ne ya ga ba nama, ƙaya ce kawai da baki. Yi sauri ka koma shago, ƙanena, kafin a rufe taga."