Haƙoran Giyar da Sunka Ci Ƙafar Yayana

Edita, bara war haka ni yarinya ce da ta gama makarantar 'yan mata, na komo Wurno ina taya yayana tsaron kaya. Shi ke tuƙa lorin albasa daga Goronyo zuwa Sakkwato, da motar nan gidanmu ke ci.

Sarƙar cikin injin, wadda ke haɗa sandar ƙasa da ta sama, ta yi ta saki. Sai wani makanike a tashar Wurno ya ce a cire ta, a sa giya uku, faya-fayen ƙarfe masu haƙora, da ya kwance daga wata matacciyar motar En'e. Ina tsaye da kwanon fura anka yi aikin. Na ga giyar tsakiya ta karkace, rabin haƙoranta kaɗai ke shiga na 'yan uwanta. Direbobin da ke wurin sunka ce ai akan sa siririyar takardar taba tsakanin haƙora a juya, in ta yage to ba su zauna ba. Makaniken ya ce shi kunnensa ya ishe shi, gobe kasuwa. Ya cusa yankin gwangwani a bayan giyar, ya buga da guduma. Na tambaya ko haka za a bar ta. Ya kwashe da dariya, ya ce mi 'yar boko ta sani ban da alli. Yaya ya harare ni, ni ko na ji kunya na yi shiru. Shirun nan ke cina har yau.

Da anka tada injin yana wani kuka kamar busa, ya ce sabuwar giya haka take waƙa. Washegari muna hawan tudu kusa da Rabah, na ji ƙas a ƙarƙashin ƙafafuna. Injin ya mutu, birki ya ƙi, motar ta yi baya. Yaya ya tura ni waje, shi ta kife da shi. A asibiti anka yanke ƙafarsa ta dama.

Makaniken ya zo dubiya, wai ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ban yafe ba. Na tsinto giyar nan mai karyayyun haƙora, kowace ranar kasuwar Goronyo ina ɗaukarta a kai, in aje gaban direbobi, in faɗa musu hannun wa ya ɗaura ta. Rumfarsa yanzu awaki ke kwana ciki, kuma ban gama ba.

'Yan uwana mata, in idonku ya ga karkatacce, ku faɗa ko za a yi muku dariya. Dariyar ranar ta wuce, sandar yayana tana jingine bakin ƙofa.