Shanyar Ɗakin Duhu

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, ko da yake da bakin tatsuniya na saba magana. Ban yi boko ba. Wata baiwar Allah ce take rubutawa ina faɗa, na kuma roƙe ta kada ta sa sunana, kada ta wanke ni inda ban wanku ba.

Ni mutuniyar ƙauye ce daga gabashin Kano. Tun ina budurwa abu ɗaya aka san ni da shi, shanya. Kuka, zogale, lalo, rama, har lalle. Matan garinmu a tsakar gida suke baza nasu, rana ta cinye shi ya koma kamar ciyawar rani. Ni kuwa kakata ta koya mini shanyar inuwa. Ganyena yakan bushe da korensa, kamar yanzu aka tsinko shi. Idan za a yi biki, ƙofata ake fara bugawa. Ban taɓa satar ko allura ba. Girman kaina duka a tafin hannuna yake.

Da malam mijina ya rasu, ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya ɗauko ni ya kawo ni Manchester. Likita ne. Matarsa akanta ce. Muna zaune a Whalley Range, a wani tsohon gida mai girma da aka yayyanka shi flat-flat, kowa da ƙofarsa, ba mai gaida wani. Sun haifi 'ya mace, Nana, ni ce mai renonta. Ba su rage ni da komai ba. Sai dai inji ke wanki, inji ke shara, abinci a leda yake zuwa. Babu mai tambayata yadda ake yin wani abu. Don kada hannuna ya mutu, nakan sayi ɗanyen zogale a shagon Indiyawa in shanya a ɗan ɗakin ajiya.

Wata rana aka yi suna a Salford, na kai wa mai jego ƙullin zogalen. Wata mata mai sayar da turaren wuta, zan kira ta Hajiya Mai Turare, ta ɗiba ta murza a tafinta, ta kai bakin taga ta duba.

"Inna, wa ya shanya wannan?"

Na ce ni ce.

"A garin nan? Cikin wannan damshin? Inna, zinariya ce a hannunki, ana barin ki kina canjin nappy."

Na yi dariya. Amma a ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba har muka isa gida. Shekara biyu rabon da wani ya yabi aikina.

Bayan mako ɗaya ta zo gaishe ni, lokacin mutanen gidan suna wurin aiki. Ta fito da wata 'yar leda, a ciki akwai dunƙulallun furanni sun yi ƙasa-ƙasa kamar kashin raƙumi. Ta ce magani ne na masu ciwon gaɓoɓi, masu yi mata shanya ne suke ɓata shi. Na san warin. Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tashar mota a gida ya san warin wiwi. Ban ce mata komai a kan haka ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Waɗannan ba su iya ba. Gaggawa suka yi masa."

Ku riƙe wannan. Ba a ɗaure ni aka ja ni ba. Ganin an ɓata ganye ne ya ba ni haushi.

Da fari shawara ce kawai ta baki. Daga nan ta ce in zo in gani sau ɗaya. Daga sau ɗaya ya koma duk Talata da Alhamis, ranakun da Nana take wuni a nursery, makarantar renon yara. Na gaya wa ɗana cewa haɗin turare nake taya Hajiya a Birmingham. Har murna ya yi, ya ce, "Mama, gara ki riƙa fita, zaman flat ba ya yi miki." Da safe Hajiya ta ɗauke ni a mota, kafin a tashi yara ta dawo da ni.

Gidan a Handsworth yake, cikin jerin gidajen jan bulo masu manne da juna, duk kamarsu ɗaya. Daga waje akwai labule fari da tukunyar fulawa. Ƙofar kuwa makulli uku gare ta, kuma daga waje ake kullewa. Kana shiga rana ta ƙare. An liƙe kowace taga da baƙar leda. Akwai wani gunji da ba ya yankewa, ba ka jin sa a kunne kamar yadda kake jin sa a haƙori. A ɗakin baya an ja igiyoyi daga bango zuwa bango, rassa a rataye kai ƙasa, jere-jere, kamar jemagu a kogon kuka. Idan na ratsa tsakaninsu sukan taɓa mini wuya. Wani lokaci ina tsaye cik, su kuma suna lilo.

Akwai mutum ɗaya da ke kwana a gidan, magidanci ne siriri, daga wata ƙasa ta gabas mai nisa. Ba ya jin harshena, ba na jin nasa. A ƙarƙashin bene katifarsa take, abincinsa na gwangwani. Ba a barin sa ya fita. Fatarsa ta koɗe kamar tsiron da ya fito ƙarƙashin tukunya. Ni ina tsare wa ganye launinsa, ga mutum yana rasa nasa a gabana. Wata rana na shigo ruwan sama ya jiƙa mini mayafi. Ya miƙo hannu a hankali, ya taɓa bakin mayafin, ya shafa ruwan a fuskarsa. Na kawar da kai na ci gaba da aiki.

Aikin kuwa ya yi kyau, Allah Ya yafe mini. Na san lokacin juyawa, na san lokacin sauke shi, na san yadda zai kwanta a kwalba bai yi baƙi ba. Ba zan faɗa muku yadda ake yi ba, da shi za a binne ni. Hajiya ta ce masu saye da ido suke fara saye, kuma nawa ya kori na kowa. Ta ce har suna sun sa masa, na Kaka. Wata rana muna fita unguwar ta nuna mini wani matashi baƙin mutum, zaune a dakalin shago da rana tsaka, yana magana da iska.

"Ga customer ɗinki can, Inna. Ba ya shan na kowa sai naki."

Ya ɗago ya kalli motar. Idanunsa kamar an zuba barkono. Na ja mayafi na rufe fuska. Amma ranar Alhamis na shirya tun kafin ta iso.

Wata Talata muka buɗe ƙofa ban ga mutumin nan ba. Katifarsa a naɗe, takalmansa a jere a gindin bene. Na tambaya.

"An yi masa transfer," in ji Hajiya.

"Ba takalmi?"

"Inna, ganye aka kawo ki dubawa."

A ranar ina ɗakin baya ni kaɗai na ji tari sau biyu daga sama. Na hau na leƙa kowane ɗaki, ba kowa sai igiyoyi. Na sauko na ƙarasa aikina.

Yanzu ga inda Allah Ya kama ni. Hancina ya riga ya mutu, ba na jin warin. Hajiya ta san haka, shi ya sa kafin mu taso takan turara mini riga da mayafi da kallabi. Amma akwai zanen goyon Nana. Da shi nake ɗamara idan zan yi aiki, kamar yadda kowace mace take yi a garinmu, in na gama in ninke shi in cusa a jaka. Bai taɓa shan turare ba. Ita kuma Nana ba ta yarda da keken turawa idan ni na je ɗauko ta. Tana ganina sai ta ɗaga hannu, sai baya. Haka nake goya ta daga nursery har gida, fuskarta a cikin zanen, tana barci.

Malaman nursery suka ji warin a gashinta da rigar sanyinta. Sau ɗaya, sau biyu, sau da yawa. Suka kai magana council, hukumar gari mai sa ido kan lafiyar yara.

Mata biyu daga council suka zo tare da ɗan sanda da hantsi. Ni ko kallona ba su yi ba, tsohuwa ce da carbi a lungu. Ɗana suka sa a gaba da matarsa. Aka dakatar da shi daga aiki. Aka ce za a ɗauke Nana a kai ta hannun wasu mutane har a gama bincike. Ɗana ya durƙusa a gabana yana cewa, "Mama, wallahi ko sigari ban taɓa sha ba. Ki yi mini addu'a, wani ne yake so ya ga bayana." Na ɗora hannu a kansa na yi masa addu'a. Da wannan hannun.

Na kira Hajiya a ɓoye. Ta ce, "Ki kama bakinki, Inna. Wa zai zargi tsohuwa? Shi likita ne, yana da lauyoyi. Yarinya kuma ai ba cinye ta za su yi ba."

Kwana uku na kama bakina. Ina so ku san wannan ma.

A na huɗu matar council ta dawo da 'yar jaka, ta ce a zuba kayan Nana. Surukata tana ninke 'yan riguna, hawaye na zuba a kai. Nana tana ƙasa tana wasa da cokali. Na shiga ɗaki na ɗauko zanen, na ɗora shi a hannun matar. Ta kai shi hanci, ta ɗago ta dube ni a karon farko.

Na ce wa ɗana, "Faɗa mata da Turanci. Nawa ne."

"Mama, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Faɗa mata. Kada ka rage komai."

Haka ya tsaya a tsakiyar falonsa yana juya laifin uwarsa zuwa Turanci, jimla bayan jimla. Har zancen takalman mutumin nan sai da ya juya.

'Yan sanda suka kai ni Handsworth. Ban iya karanta sunan titi ba, sai da muka yi ta zagaye kafin na gane ƙofar. An kwashe komai. Hajiya ba a sake ganinta ba, mutumin nan ma har yau ba wanda ya ba ni labarinsa. Amma sun bar kwalabe, kuma zanen yatsuna yana jikin kowace. Alƙali ya ce tsufana bai hana ni sani ba. Gaskiya ya faɗa.

A gidan yari na yi azumi biyu. Ina wanke bene tare da 'yan matan da na yi jika da su, da yawansu hayaƙi ne ya fara kai su can. Suna kirana Grandma, suna kawo mini shayi. Duk wadda ta kira ni haka sai in tuna sunan da aka sa wa ganyena, na Kaka. A can na tuba tuba ta gaskiya, ba ta tsoron kamu ba.

An bar wa iyayen Nana 'yarsu. Ɗana ya koma aiki bayan wahala mai yawa. Ni kuma da aka sake ni, takarda ta ce ba ni da sauran zama a ƙasar nan, gida za a mayar da ni. Kafin tafiya aka yarda in ga Nana sau ɗaya, a wani ɗaki na council, ma'aikaciya tana zaune da biro. Ta yi tsawo. Na ce, "Zo nan, 'yar gidana." Ta dubi ubanta. Ta yi magana da Turancin yaran Manchester, mai sauri, ban kama ko ɗaya ba. Na tambaye shi me ta ce. Sai ya fassara mini.

"Cewa ta yi, wace ce wannan matar."

Ta miƙo mini hannu muka gaisa kamar baƙi, saboda yarinya ce mai tarbiyya.

To, 'ya'yana, ku da kuka zo karatu da ku da aka haifa a nan. Kowannenku akwai abin da ya iya, akwai kuma ranar da zai ji ba wanda ya damu da iyawarsa. A ranar mai yabo yake zuwa. Idan ya yabi hannunka, kafin ka yi murna ka tambaye shi wa zai ci abin da hannun zai yi. Idan hancinka ya gane abu, kada ka bar bakinka ya yi shiru. Idan aka kai ka gidan da ake kullewa daga waje, ka juya tun kana bakin ƙofa, ka kuma faɗa wa hukuma, don wataƙila akwai mutum a ciki. Ni na yi shiru a duk wuraren nan uku. Jibi jirgina zai tashi, kuma jikata ba ta san wa za ta yi kewa ba.