Teburin Jibi a Gindin Darbejiya

Da asubar fari ranar Juma'a muka tashi daga Techiman, ni da wata 'yar'uwa daga zumuntar mata. Ku da kuka yi mini addu'ar hanya kun san abin da ya tashe ni. Ɗana na fari, wanda aka naɗa fasto a bana, zai ba da Jibin Ubangiji karo na farko a ƙaramar majami'arsa da ke Dabokpa, a Tamale. A jakata akwai farin ƙyalle da na yi wata biyu ina ɗinke bakinsa da hannu, don a shimfiɗa a kan teburin jibi. Teburin nan kuwa marigayi mahaifinsa ne ya ƙera shi. Shi ne aikinsa na ƙarshe kafin ciwo ya kwantar da shi.

Kuɗin mota ya ƙaru tun zuwana na bara, har buhun doyar da na ɗauka sai da aka yanka masa nasa tikitin kamar mutum. Daga Techiman zuwa Kintampo babu itacen da aka bari da bawonsa, kowanne an manna masa fuskar ɗan takara, dukansu da murmushi iri ɗaya. Ramukan hanya kuwa suna nan inda na bar su. Wani mai kwat ya miƙe a cikin mota ya fara addu'a, na sunkuyar da kai. Kafin in ce amin ya fito da kwalabe, wai shafaffen mai ne na buɗe sa'a. Har muka isa Kintampo bai ambaci zunubi ko tuba ba ko sau ɗaya. Abokiyar tafiyata ta ce in tambaye shi ko man yana soya ƙosai.

A Kintampo muka ci soyayyar doya da yaji. A gadar Buipe na sayi kifi banda, mai kifin ta rantse jiya aka kama shi, kifin kuwa ya fi ta sanin gaskiya. Da la'asar muka shiga Tamale. Garin nan na babura ne. Za ka ga mace da goyo a baya, kwando a gaba, tana tsala gudu ba ta ko waiwaye. Muka hau keken da suke kira yalo-yalo zuwa Dabokpa. Surukata ta yi mana tuwon zafi da miyar ayoyo. Na lura ɗana Fasto loma uku ya yi ya wanke hannu.

Ranar Asabar da safe na ɗauki ƙyallena na nufi majami'a don in gwada shi a kan teburin. Tun daga nesa na hango shi a waje, a gindin darbejiya. An jibga masa riguna da huluna masu hoton ɗan takara, da buhunan ruwan leda, wani ma ya ajiye kwanon waken da ya ci ya rage. A ciki, inda teburin yake tsayawa, an jera manyan kujerun falo guda uku na haya.

'Yan'uwana, kun san ni ba mai ɗaga murya ba ce. Amma ranar nan raina ya ɓaci. Teburin nan ya yi shekara uku a ɗakina kafin a kai shi Tamale, ko kofin shayi ban taɓa bari an ɗora masa ba. Haka aka koya mana: abin da aka keɓe wa Ubangiji ba a mai da shi na yau da kullum.

Dattijon majami'ar, wani ma'aikacin gwamnati ɗan kudu, ya zo yana fara'a, ya yi mini bayani da Hausarsa ta kasuwa.

"Maame, ka yi haƙuri. Gobe Onarabul zai zo. Ya ce zai ba mu kwano, duka rufi sabo. Jibi ba ya gudu, wata mai zuwa yana nan."

Onarabul ɗin nan shi ne ɗan takarar da hotonsa ke jikin rigunan. Dattijon ya ƙara da cewa abin da ake so kaɗan ne. Fasto ya ɗora wa baƙon hannu a gaban jama'a, ya ce Allah ya nuna masa shi ne zaɓaɓɓe. Wai duk majami'un gari haka suke yi. Na ɗaga kai na ga hasken rana ta hujojin rufin, ban musa cewa yana yoyo ba. Na ce masa na ji, na juya.

Ban yi boko ba. Ajin yaƙi da jahilci na shiga bayan na yaye 'ya'ya huɗu, har yau da yatsa nake bin layi. Amma abin da yatsan nan ya bi a Maganar Allah bai ɓace mini ba. An ce mu yi wa masu mulki addu'a, muna yi, kowannensu, ko mun zaɓe shi ko ba mu zaɓe shi ba. An kuma ja mana kunne kada mu ba mai zoben zinariya kujerar gaba mu tura talaka gefe. To balle a tura teburin Ubangiji waje. Kuma mutum ya ce Allah ya faɗa alhali Allah bai faɗa ba, wannan ba addu'a ba ce, ƙarya ce aka yi wa Allah a ɗakinsa. A teburin nan ne kaɗai mai gawayi da mai mota suke shan ƙoƙo ɗaya. In aka sayar da wannan, me ya rage da ya bambanta mu da filin kamfen?

Da rana na tafi unguwar Zogbeli sayen wagashi, wato cukwin Fulani. Mai sayarwar, wata Hajiya, ta ga fuskata ta tambaye ni lafiya. Da na gaya mata sai ta yi dariya, ta ce Juma'ar da ta wuce mutumin nan yana sahun gaba a masallacinsu da farar riga, su fenti ya yi musu alkawari. Ta ce, in da zaɓe duk wata ake yi da ya zama waliyyi.

Da na dawo na sami Fasto zaune a kan dakali. Ya riga ni magana. Ya ce damina tana dukan tsofaffi a cikin sujada, dattijon yana da bakin magana a wurin manyan majami'a, in ya ƙi za a iya ɗauke shi daga nan. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Fasto, Allah ya nuna maka mutumin nan?"

Ya ce, "A'a, Mma."

Na ce, "To ni ba zan gaya maka aikinka ba. Amma gobe inda teburin yake, can zan zauna."

Lahadi da sassafe ni da abokiyar tafiyata muka kwashe rigunan nan, muka ninke su da kyau muka ajiye a kan benci, don ba namu ba ne. Na wanke teburin da sabulu, na goge, na shimfiɗa ƙyallena. Ya yi daidai kamar an auna. Na jawo benci na zauna.

Ƙarfe tara aka ce baƙon zai zo. Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. A ciki mawaƙa sun maimaita waƙa ɗaya har mai ganga ya gaji, ba a yi wa'azi ba, ana jira. Wata tsohuwa ta fito shan iska, ta ga farin ƙyalle, ta zauna kusa da ni. Sai wata, sai wani malamin makaranta da matarsa. Ban kira kowa ba.

Can sai ga ɗana ya fito da gurasa da ƙoƙo a hannu. Ya ajiye su a kan teburin mahaifinsa, ya ce duk wanda ya shirya zuciyarsa ya matso. Mutane suka fito da bencinsu.

Ana cikin zagayawa da ƙoƙo muka ji ham ɗin babura. Onarabul ya sauko da jama'arsa da mai ɗaukar hoto. Dattijon ya ruga yana nuna masa ƙofar majami'a. Ɗana ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wuri a benci. Muna gaban Ubangiji ne, in mun gama za mu yi maka addu'a kamar kowa."

Ya zauna, ba zan yi masa ƙarya ba, har hularsa ya cire. Amma sau biyu ya duba agogo, kafin waƙar ƙarshe ya tashi, wai ana jiransa a Bulpiela. Rigunansa suka bi shi. Ba a sake maganar kwano ba. Dattijon bai yi mini sallama ba, na kuma ji ya ce maganar za ta kai wurin manya. Da yamma aka yi ruwa, muka shigar da teburin, muka jera bokitai huɗu a ƙarƙashin hujojin. Kujerun hayar nan ne suka fi jiƙewa.

Litinin muka kamo hanya, fuskokin nan na jikin itatuwa suna ta yi mana murmushi har Techiman. Na iso gida lafiya, sai ciwon gwiwa. Har yanzu raina a ɓace yake, ba da ɗan siyasa ba, shi sana'arsa yake yi. Da mu nake fushi, mu da muka koyi yi wa abu mai tsarki farashi. Tafiyar nan ta koya mini cewa majami'a mai yoyo tana nan majami'a, amma wadda ta fitar da teburinta, ko an rufa ta da sabon kwano, rumfa ce kawai. Ban sani ba ko za a bar ɗana a Dabokpa, ku sa shi a addu'a. Abin da na sani, ranar nan da yamma ya ci tuwonsa tas, har ya nemi ƙari.