Bayana Ya Riga Ni Tsufa

Lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, ni saurayi ne mai ji da ƙarfi. Na baro kiwon shanunmu a wajen Taura, na shiga dakon siminti, don ko'ina ka duba gini ake yi. Buhu bibbiyu nake ɗauka, abokan aiki suna yi mini kirari. Wata rana santsi ya kwashe ni daga saman tifa, na faɗo da baya. Mai ɗori ya murza ni, ya ce in kwanta in huta sosai. Da na ji zafin ya lafa sai na koma aiki.

Daga baya na buɗe shagon kayan gini a unguwar Limawa. Na koma zaman benci daga safe har magariba, ga tsire ga lemo, tumbi ya fito. Mutane suna ta cewa hutu ya karɓe ni. A lokacin ne bayana ya fara ƙagewa, in na farka da asuba sai na daɗe kafin in miƙe. Kowa na gaya wa sai ya ce basir ne. Na yi shekaru ina ɗirkar jiƙe-jiƙe, babu wanda ya taɓa cewa in je asibiti, ni ma ban kai kaina ba.

Sai da ƙafata ta dama ta fara sagewa da zugi sannan maiɗakina ta matsa aka yi mini hoton ƙashi. Likita ya ce guringuntsin gaɓoɓin gadon bayana ya cinye. Ya tambaye ni aikina na da, da ko na taɓa faɗuwa, da ko akwai mai irin ciwon a gidanmu. Na tuna Baffa, mahaifina, da ya rasu yana tafiya a duƙe. Likitan ya ce dakon da faɗuwar da ƙibar da gadon ciwon duk sun taru a kaina, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa. Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Don Allah masu aikin ƙarfi ku rage kaya, in kun faɗi ku je a duba ku, in kun samu hutu kada ku bar jiki ya yi nauyi. Ni yanzu a kan kujera nake salla a ƙarshen sahu, ina kallon sa'o'in mahaifina suna kai goshi ƙasa.