Tuɓe Riga Gaban Suruki

Ni dama ba a san ni da zama wuri guda ba, amma ranar da muka taru a gidan lokotoro, wato likitan dabbobi, na Dakoro abin ya wuce misali. Shekarar da bushiya, annobar shanun nan, ta share mana garke ce. Rumbu ya yi ƙasa, matata na ɗauke da tsohon ciki, sai aka yi shela a kasuwa wai Nasara na neman majiya ƙarfi masu riƙe shanu lokacin allura. Daga wajen Ɗan Gulbi na tako da ƙafa, a hanya na kwana.

Mun cika gindin aduwa, Hausawa da Fulani da Buzaye, alhali mutum uku ake so. In tashi, in zauna, in je bakin rijiya in dawo ban sha ba. Wani Bafulatani ya ce, "Kai Kaɗo, kan ƙarangiya ka zauna ne?" Na buɗe baki zan rama ke nan sai na hango surukina, uban matata, yana tafe da sandarsa. Shi ma bushiya ba ta bar masa ko maraƙi ba. Na cire takalma na durƙusa daga nesa.

"Baba, kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, yaro," in ji shi, idonsa na wani gefe kamar yadda aka saba.

Da farko aka shigar da mu shinge, kowa ya kayar da bijimi. Baba ya kama hanci da ƙaho ya murɗa, sai ga bijimi a ƙasa, ko rawaninsa bai karkace ba. Ni kuwa sai da nawa ya ja ni cikin kashin shanu ana ta dariya, amma wallahi ban saki ba. Daga nan aka jera mu, Nasara na tambaya, tafinta na juyawa: me ka sani game da ciwon baki da kofato, za ka iya wata guda a daji? Ana ta sallamar mutane. Da rana ta take, mu kaɗan muka rage, har da ni da Baba.

Sai aka tura mu wani ɗaki. Tafinta ya ce lokotoro zai duba jikin kowa. "Ku tuɓe, riga da wando."

Innalillahi! Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gaban mutumin nan ba? Sauran suka fara kwance mazagi. Na kama bakin riga na saki, na dubi ƙofa, na tuna matata, na sake kama riga. Tafinta ya san Baba surukina ne, amma ɗan banzan ya yi kamar yana gyaran hula. Haushi ya turnuƙe ni, ga kunya, ga tsoron komawa gida hannu rabbana.

Ina cikin haka sai Baba ya juya ya fuskanci bango. Nasara ya daka tsawa, a ganinsa raini ne a ba shi baya. Tafinta ya ce, "Dattijo, juyo, za ka rasa aikin nan!" Bai juyo ba. Da bangon ya yi magana, a hankali:

"Yaro, yi abin da ya kawo ka."

Gardi mai gadi ya kama hannun Baba ya fitar da shi, ya bi ta gabana da rawani a kan ido. Na tuɓe ina hawaye, lokotoro ya ƙwanƙwasa mini ƙirji ya ce na yi. Ko da na fito, Baba ya kama hanya.

Da lokacin allura ya zagayo, muna garin Ajekoriya, na gan shi ya koro shanun wasu, kiwon lada yake. Ni ga ni cikin kaki, ina aikin da ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Na cire takalma na durƙusa. Shi ya riga ni magana, ya tambayi lafiyar jikarsa da aka haifa.

"Amaryar tawa tana ƙoshi?"

"Tana ƙoshi, Baba."

"To, madalla," ya ce, ya kora shanun mutane ya wuce.