Dogo Mai Riƙe Sunaye

A gidanmu na layin 'yan reluwe a Zariya, in an ci tuwo an yi isha'i, kakata Iya Dije ba ta barin garwashin murhu ya mutu a banza. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta ɗauko rake da wuƙa, mu kuma mu zagaye ta. Ni take fara miƙa wa gaɓa, wai ni ne mai gidanta, ko da yake a cewarta ba ta taɓa ganin mijin da bai iya komai ba sai ci irina.

Yawancin tatsuniyoyinta na manta su. Wanda ya maƙale mini shi ne labarin da ta ce ba tatsuniya ba ne, shi ya sa ba ta buɗe shi yadda take buɗe sauran. A bakin kakanmu ta ji shi. Shi kuma ya ji daga wani direban jirgin ƙasa, baƙin mutum da Turawa suka kawo daga tsibiran Karebiyan, wanda kakanmu ya yi shekaru yana zuba wa kwal a inji. Sunan mutumin da labarin yake kansa ya fi ƙarfin bakin Iya, sai ta raɗa masa Dogo.

Dogo lebura ne mai saran rake a gonakin Turawan tsibirin. Bai fi kowa ƙarfi ba, bokonsa ma kaɗan ne. Baiwarsa ɗaya, ba ya manta suna. In ya gamu da kai sau ɗaya ya riƙe sunanka da na mahaifiyarka, da bukkar da kake kwana, da ciwon da ke damun ɗanka. Masu gona kuwa da lamba suke kiran mutane. Ranar da aka hana hutun tsakar rana har wata mata ta yanke jiki ta faɗi, Dogo ya bi bukka-bukka yana kiran kowa da sunansa. Washegari babu addar da ta taɓa kara. Aka ɗaure shi, aka sake shi, ya kafa ƙungiyar leburori, ƙungiya ta zama jam'iyya. Da Turawa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, shi aka zaɓa ya riƙe ƙasar.

A nan muke so Iya ta tsaya, amma ba ta tsayawa. Bayan shekaru leburori suka sake ajiye adda, wannan karon gwamnatin Dogo suka yi wa. Rake na bushewa a gona, jiragen ruwa na jira, na kusa da shi suna ta ce masa ƙasa za ta durƙushe. Babban ɗan sanda ya ce in aka kama 'yan ƙalilan komai zai lafa, sai dai bai san masu zuga ba. Dogo ya sani. Ya ɗauki alƙalami, bai tambayi kowa ba, ya jero su har da bukkokin da suke kwana.

"Ashe mugu ne," in ji yayata Hanne.

"Da mugu ne da ban ɓata rakena a kansa ba," in ji Iya. "Yana rubutawa yana hawaye. Amma ya rubuta."

Daga nan sai ta rufe garwashi da toka ta kore mu ɗaki. Ni dai a lokacin haushinta nake ji, don ta ɓata labari mai daɗi.

Shekarata goma sha ɗaya ke nan a Guangzhou. Sarin tufafi na zo yi a kasuwar Baima, zama ya kama ni. Ni ma Allah ya ba ni riƙe suna, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya fasa mini kai. Lokacin da wasu masu masauki a titin Huanshi Lu suka riƙa watso wa mutanenmu kaya waje, ni na bi ɗaki-ɗaki, Kanawa da 'yan Maraɗi da 'yan Yamai, har muka haɗa ƙungiya. Aka mai da ni ciyaman. Yanzu in za a zauna da hukuma, kujera ake ba ni da shayi.

A wajen shayin ne, makon jiya, wani jami'i ya turo mini farar takarda. Cikin ladabi ya ce waɗanda bizarsu ta ƙare suna shafa wa sauran baƙin jini, in na ba da sunayensu za a sassauta wa masu takardu. Abin da ya fi damuna, ba ƙarya ya yi ba. Kafin ya rufe baki sunan Sani ɗan Maraɗi ya faɗo mini, mutumin da ya yi kwana uku a kaina a asibiti, wanda bizarsa ta mutu tun azumi. Yana laɓe a unguwar Panyu, hawa na huɗu, ƙofa ta biyu. Ban nemi sunan ba, da kansa ya zo, sauran suka biyo shi a jere. Kuma ko kaɗan ban ji ni mugu ba ne, hujjojina duk masu kyau ne. Sai a ranar na fahimci Iya.

Na mayar masa da takardar na ce "meiyo", yadda masu shaguna ke ce mana babu. Ya yi murmushi, ya tuna mini cewa tawa takardar zaman saura wata biyu, ya ce za mu sake shan shayi. Tsoro nake ji. Ina da iyali a Kano da suka dogara da zaman nan nawa, kuma ban san abin da hannuna zai yi a zama na biyu ba.

Jiya bayan la'asar Sani ya kira ni, muryarsa da fara'a.

"Alhaji, na sake gida. Bari in gwada maka wurin, in ka sauka daga jirgin metro sai ka..."

"Dakata, Sani. Kada ka faɗa mini."



"Alhaji, kai ne fa."

"Shi ya sa," na ce.